Kwamfuta ɗaya, adireshi da yawa: bayani kan ƙofofin sadarwa na manhaja da yadda ake saita su

A ranar 5 ga Yunin 2021 kamfanonin sadarwa na Najeriya suka toshe shafin Twitter bisa umarnin gwamnatin tarayya, kwana uku bayan kamfanin ya goge wani saƙo da Shugaba Muhammadu Buhari ya wallafa. Umarnin ya hau kan kowa, daga Legas har Daura, mahaifar shugaban, kuma ba a ɗage shi ba sai ranar 13 ga Janairun 2022, bayan kwana 222. A tsawon wannan lokaci ɗimbin 'yan Najeriya sun ci gaba da shiga shafin ta hanyar VPN, duk da barazanar gurfanarwa da ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya yi. A watan Yulin 2022 kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa doka.

Aikin da manhajar VPN ke yi a cikin waya ko kwamfuta shi ne ta buɗe sabuwar ƙofar sadarwa wadda ba a ƙera ta da ƙarfe ba, ta ba ta adireshi na daban, sannan ta karkatar da zirga-zirgar bayanai ta cikinta. Dabarar ba ta tsaya ga VPN ba. Da ita ake haɗa ɗaruruwan kwamfutoci a ɗakin jarrabawa, da ita ake raba sadarwar ma'aikata da ta baƙi a ofis, da ita kuma kamfanonin waya ke ɗora dubban mutane a kan adireshi guda. Wanda ya san yadda ake saita ta zai iya gyara shagonsa da kansa. Zai kuma san nauyin da ya kamata ya ba maganar duk wanda ya ce an gano mutum, ko an gano wata kwamfuta, ta hanyar adireshinta kawai.

Ƙofa da adireshi

Kowace na'ura tana magana da 'yar'uwarta ne ta wata mashiga da za a iya kira ƙofar sadarwa. A kwamfutar tebur, ƙofar ita ce ramin da ake cusa kebul a bayanta. Laftof tana da katin Wi-Fi a ciki, wasu kuma har da ramin kebul. Waya tana da ƙofar Wi-Fi da ƙofar data ta layin waya. Waɗannan su ne ƙofofin zahiri, domin akwai ƙarfen da za a nuna da yatsa.

Ƙofar manhaja kuwa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ce ke ƙirƙirar ta, ko Windows ce, ko Linux, ko Android. Tana da suna, ana ba ta adireshi, ana kunna ta ana kashe ta, kuma sauran manhajoji ba sa bambance ta da ta zahiri. Sai dai duk bayanin da zai fita waje ta cikinta, a ƙarshe dole ya hau wata ƙofar zahiri.

Lambobi iri biyu ne ke tare da ƙofa. Na farko adireshin MAC, haruffa da lambobi 12 da ake rubutawa bibbiyu, wanda masana'anta ke sa wa katin sadarwa. Amfaninsa ya taƙaita ga na'urorin da ke kan sadarwar cikin gida ɗaya, ba ya tsallake rauta ya shiga intanet. Na biyu adireshin IP. A tsohon tsarinsa da ake kira IPv4, lambobi huɗu ne da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, misali 192.168.8.20. Muhimmin abin lura shi ne adireshin IP ana liƙa shi ne a jikin ƙofa. Kwamfuta mai ƙofa uku tana iya ɗaukar adireshi uku, kuma ƙofa ɗaya ita kanta tana iya ɗaukar fiye da ɗaya.

Adireshi yana tafiya da ma'aunin rukuni, wanda ke fayyace iyakar unguwar da yake ciki. Idan aka rubuta 192.168.8.20/24, ma'anarsa lambobi uku na farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe ita ce lambar gida. Windows tana rubuta wannan ma'auni da 255.255.255.0. Na'urorin da ke unguwa ɗaya suna magana kai tsaye. Wanda ke son kaiwa ga wata unguwa sai ya bi ta mafita, wato adireshin rauta. Tun 1994 aka keɓe rukuni uku domin amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. Kowa na iya amfani da su a gidansa ko ofishinsa ba tare da izini ba, kuma ba a ganin su a fili a intanet.

Inda lamarin ya shafi Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. A shekarun mulkin Buhari garin ya samu cibiyoyin tarayya da ba ya da su a da, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Asibitin Sojojin Sama, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a Disambar 2019. Ga Kwalejin Yusuf Bala Usman mallakar jihar Katsina, ga kuma kan iyakar Kwangwalam da ke haɗa Najeriya da Nijar. Irin waɗannan wurare ba sa tafiya a yau sai da kwamfutoci masu haɗe da juna, kuma a ƙasa da su akwai shagunan buga takardu, masu rajistar lambar NIN, masu POS da masu cike wa ɗalibai fom.

Fagen da saitin sadarwa ya fi taɓa rayuwar matashi kai tsaye shi ne jarrabawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta koma yin jarrabawar shiga manyan makarantu a kan kwamfuta gaba ɗaya, saboda haka ɗan Baure ko Zango da ke neman gurbin karatu sai ya zauna gaban allo. A cikin ɗakin, kwamfutocin ɗalibai suna karɓar tambayoyi ne daga saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da jarrabawar, ta sadarwar cikin gida. Idan kwamfutar ɗalibi ba ta ga sabar ba, lokaci yana tafiya shi kuwa yana zaune. A watan Mayun 2025 magatakardan JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cewa kuskuren fasaha ya shafi sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, har aka sa suka sake zana jarrabawar. Wancan kuskure na sabunta manhajar sabobi ne, bai shafi adireshi ba, amma ya nuna yadda ƙaramin saiti a ɗakin na'ura ke iya juya makomar dubban mutane.

Dalilan ƙara adireshi a ƙofa ɗaya

Dalili na farko lissafi ne. Unguwa mai ma'aunin /24 tana da adireshi 256. Na farko sunan unguwar ne, na ƙarshe na shela ne ga kowa da kowa, saura 254. Sharaɗin JAMB ga cibiyar jarrabawa shi ne kwamfuta 250 da ƙarin kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, jimilla 275, ban da saba. Unguwa ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Mai saiti yana da zaɓi biyu. Ko ya faɗaɗa ma'aunin zuwa /23, wato 255.255.254.0, wanda ke ba da adireshi 510, ko ya raba kwamfutocin unguwa biyu ya ba ƙofar sabar adireshi biyu, misali 192.168.10.1 da 192.168.11.1, yadda kowace unguwa za ta gan ta a matsayin maƙwabciya. Zaɓin farko ya fi tsabta idan daga tushe ake gini. Na biyu yana ceton wanda ya gaji tsohon tsari kuma ba shi da lokacin sake saita kowace kwamfuta.

Dalili na biyu shi ne kaiwa ga sabuwar na'ura. A ɗauki misalin shago a Daura da ke samun intanet daga ƙaramar rauta ta MiFi mai raba adireshi masu farawa da 192.168.8. Mai shagon ya sayo kyamarar tsaro wadda ta zo daga masana'anta da adireshin 192.168.1.64. An haɗa kebul, fitila tana ci, amma laftof ba ta ganin kyamarar, domin unguwarsu daban. Maganin shi ne a ƙara wa ƙofar laftof adireshi na biyu a unguwar kyamarar, kamar 192.168.1.50, a shiga shafinta, a canza mata adireshi zuwa unguwar shagon, sannan a cire ƙarin.

Dalili na uku shi ne sauya saba ba tare da an tsayar da aiki ba. Idan ofis ya sayi sabuwar saba, ana iya ɗora mata adireshin tsohuwar a matsayin ƙari bayan an kashe tsohuwar, kwamfutocin ma'aikata su ci gaba da aiki ba tare da an taɓa ko ɗaya ba.

Yadda ake saitawa

Matakin farko a kowane tsari shi ne a duba abin da ke akwai, a rubuta shi a takarda kafin a canza komai. A Windows ana buɗe tagar umarni a rubuta:

ipconfig /all

Wannan zai jero dukkan ƙofofi, na zahiri da na manhaja, da adireshinsu da mafitarsu. Domin ƙara adireshi, ana rubuta ncpa.cpl a wurin bincike, a danna ƙofar da ake so da maɓallin dama, a zaɓi Properties, sannan Internet Protocol Version 4, sannan Advanced, sannan Add. Wannan hanya ba ta buɗewa sai an fara ba ƙofar adireshi na dindindin da hannu. Idan rauta ce ke ba ta adireshi kai tsaye ta tsarin DHCP, maɓallin ƙarin zai kasance a rufe. Wanda ya fi son umarni, yana da izinin mai gudanar da kwamfutar, zai rubuta:

netsh interface ipv4 add address "Ethernet" 192.168.1.50 255.255.255.0

Idan aiki ya ƙare, a maye gurbin add da delete, a cire ma'aunin rukuni, adireshin zai fita.

A Linux, wadda yawancin sabobin duniya ke kai, ana duba ƙofofi da:

ip addr show

Sunan ƙofar kebul yakan zama eth0 ko wani kamar enp1s0. Ƙara adireshi layi ɗaya ne:

sudo ip addr add 192.168.1.50/24 dev enp1s0

A tsohon salo da ake yi da umarnin ifconfig, ana ba ƙarin adireshin laƙabi kamar eth0:1, kuma har yanzu ana cin karo da shi a tsofaffin littattafai da sabobin da aka gada. Laƙabi ne kawai, ƙofar ɗaya ce. Abin kiyayewa shi ne duk adireshin da aka sa da umarnin ip yana ɓacewa da zarar an kashe kwamfutar. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sanarwa, wannan na nufin saitin da ya yi aiki da safe zai iya ɓacewa da rana. Domin ya zauna dindindin, a kwamfutar da ke amfani da NetworkManager, idan sunan haɗin «ofis» ne, ana rubuta:

sudo nmcli connection modify ofis +ipv4.addresses 192.168.1.50/24

sudo nmcli connection up ofis

A sabobin Ubuntu kuwa ana rubuta adireshin a fayil ɗin Netplan, a gwada shi da netplan try, wanda ke maido da tsohon saiti da kansa idan ba a tabbatar da sabon ba. Wannan kariya tana da amfani ga mai gyara saba daga nesa, domin kuskure ɗaya na iya rufe masa ƙofar da yake shiga ta cikinta.

Bayan kowane canji, a gwada da umarnin ping zuwa adireshin na'urar da ake nema, sannan a duba jadawalin hanyoyi da ip route a Linux ko route print a Windows.

Ire-iren ƙofofin manhaja

Ta farko ita ce ƙofar komawa gida, mai adireshin 127.0.0.1, wadda ke cikin kowace kwamfuta. Duk abin da aka aika mata yana dawowa cikin na'urar. Ɗalibin da ke koyon gina shafin intanet yana gwada aikinsa a kanta ba tare da ya kashe data ba.

Ta biyu ita ce ƙofar VLAN, wadda ke raba kebul ɗaya zuwa hanyoyi da dama da ba sa ganin juna. Kowane ƙunshin bayani yana ɗaukar lambar shaida daga 1 zuwa 4094, bisa ƙa'idar 802.1Q. A Linux ana ƙirƙirar ta haka:

sudo ip link add link enp1s0 name enp1s0.20 type vlan id 20

sudo ip addr add 10.20.0.1/24 dev enp1s0.20

sudo ip link set enp1s0.20 up

Wannan ba zai yi aiki ba sai na'urar rarraba kebul, wadda masu sana'ar ke kira suwic, ta kasance mai fahimtar lambobin kuma an saita ta. Da VLAN ne makaranta ke raba kwamfutocin ofishin jarrabawa da Wi-Fi na ɗalibai, asibiti kuma ya raba bayanan majinyata da sadarwar masu ziyara.

Ta uku ita ce gada, wadda manhajoji irin su VirtualBox da Docker ke ƙirƙira domin kwamfutocin manhaja da ke gudana a cikin kwamfuta ɗaya su samu hanyar fita. Kowace daga cikinsu tana samun adireshin IP nata da adireshin MAC da manhaja ta ƙaga mata.

Ta huɗu ita ce ƙofar rami, wadda VPN ke amfani da ita. A OpenVPN sunanta yakan zama tun0, a WireGuard kuma, wadda ta shiga cikin Linux a hukumance a Maris ɗin 2020, ana yawan kiran ta wg0.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne ɗaukar ƙarin adireshi a matsayin katanga. Unguwa biyu a kan kebul ɗaya ba tare da VLAN ba kamar gida biyu ne marasa bango a tsakani. Duk wanda ya san umarnin da aka nuna a sama zai ƙara wa kansa adireshi ya shiga ɗaya unguwar cikin minti guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa ba a ma gina bangon ba.

Na biyu shi ne ba na'urori biyu adireshi ɗaya. Alamarsa haɗi ya riƙa zuwa yana yankewa ba dalili. Yakan faru ne idan aka sa adireshi da hannu a cikin iyakar da rauta ke rabawa. Na uku shi ne sa mafita biyu a kwamfuta ɗaya ba tare da an fayyace wadda ke gaba ba. Ƙarin adireshi na cikin gida yawanci ba ya buƙatar mafita, a bar gurbin babu komai. Na huɗu shi ne karon unguwanni, kamar a ce sadarwar gida da ta ofishin da ake shiga ta VPN duk suna amfani da 192.168.1, kwamfuta ta rasa inda za ta aika saƙo. Akwai kuma alama ɗaya da ta kamata kowa ya gane: adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin kwamfutar ta nemi adireshi daga rauta ba ta samu amsa ba, sai ta ba kanta. A nan sai a duba kebul da rauta kafin a zargi kamfanin waya.

Iyakar abin da VPN ke iyawa

Idan aka kunna VPN, jadawalin hanyoyi yana canzawa yadda kusan komai zai bi ta ƙofar rami. Manhajar tana kulle bayanan, ta aika su ta ƙofar zahiri zuwa sabar kamfanin VPN, daga can su wuce inda aka nufa. Kamfanin waya yana ganin cewa ana magana da wata saba, yana ganin yawan data da lokaci, amma ba ya ganin shafin da ake buɗewa. Shafin kuma yana ganin adireshin sabar VPN ne. Da haka aka tsallake toshewar 2021.

Jihar Katsina ta ga iyakar wannan dabara a shekarar. A watan Satumba, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, Faskari da Funtuwa, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara baki ɗaya. Ƙananan hukumomin masarautar Daura ba sa cikin jerin. A wuraren da abin ya shafa babu VPN ɗin da ta yi amfani, domin an kashe ƙofar zahirin da ƙofar ramin ke hawa. Toshe shafi da katse sabis matakai ne daban, kuma ƙofar manhaja tana maganin na farkon ne kawai.

VPN ba ta ɓoye sunan asusun da mutum ya shiga da shi, ko lambar wayar da ya yi rajista da ita, ko fuskarsa a hoto. Tana ɗauke amana ne daga hannun kamfanin waya ta miƙa wa kamfanin VPN, wanda zai iya ganin inda ake zuwa. Mai ba da ita kyauta yana da sabobi da ma'aikata da zai biya, ya kamata a tambayi inda kuɗin ke fitowa.

Mutum dubu, adireshi ɗaya

Tsarin IPv4 yana da adireshi 4,294,967,296 kacal, alhali jama'ar duniya sun haura biliyan 8. A ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba rukunai na ƙarshe da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar. Ta Afirka ita ce AFRINIC da ke ƙasar Mauritius, wadda shari'o'i suka dabaibaye har kotu ta miƙa ta ga mai riƙon ƙwarya a 2023. Layukan waya masu aiki a Najeriya kaɗai sun haura miliyan 150, kuma ba kowane zai samu adireshin fili nasa ba.

Hanyar da kamfanonin waya ke bi ita ce su ba waya adireshin cikin gida, mai farawa da 10 ko wanda ke tsakanin 100.64 da 100.127, sannan su fitar da mutane da yawa intanet ta adireshin fili guda. Kowa na iya gwadawa: a duba adireshin da ke cikin saitin waya, a kwatanta shi da wanda shafukan nuna adireshi ke bayarwa. Sau da yawa ba sa zama ɗaya, kuma shafin na iya cewa mai wayar yana Legas ko Abuja alhali yana zaune kusa da rijiyar Kusugu, domin taswirar adireshi tana bin inda kamfani ya yi rajista ko inda yake fitar da bayanai. Sabon tsarin IPv6 an yi shi ne domin kawar da ƙarancin, yawan adireshinsa ya kai 340 da sifiri 36 a bayansa. A cikinsa al'ada ce ƙofa ɗaya ta riƙe adireshi da yawa lokaci guda, har da na wucin gadi masu canzawa.

Adireshi a gaban kotu

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2019, Atiku Abubakar da jam'iyyar PDP sun shaida wa kotun sauraron ƙararrakin zaɓe cewa akwai sakamako a wata sabar INEC da ya nuna su suka ci, suka kuma ambaci sunan sabar da adireshinta na MAC. INEC ta musanta cewa ta tattara sakamakon ta saba. Kotun ta yi watsi da ƙarar a ranar 11 ga Satumbar 2019, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Buhari a ranar 30 ga Oktoba. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin fasaha ɗaya ne: adireshin MAC ana canza shi da umarni guda, kwamfutar manhaja ƙaga mata shi ake yi, kuma wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, suna nuna wa Wi-Fi adireshin MAC na ƙage. Lambar ita kaɗai ba ta tabbatar da mai na'ura, ba ta kuma wanke shi. Sai an haɗa ta da na'urar kanta da kundin shige da ficenta.

Haka nan adireshin IP. Tun da mutane da yawa na iya tarayya a adireshi ɗaya, wanda ke son danganta wani saƙo ga wani layi yana buƙatar adireshin, da ainihin lokaci, da lambar tashar da aka fita ta cikinta, da kundin kamfanin waya. Wannan ba ya nufin mutum ya ɓuya. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanoni su adana bayanan zirga-zirga da na masu layi na shekara biyu, su kuma miƙa su ga hukumomin tsaro idan an nema. Tun Disambar 2020 aka fara tilasta haɗa layi da lambar NIN. Sashe na 24 na dokar, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a kafofin sada zumunta. Saboda haka hanyar bin sawu tana nan, sai dai tana kaiwa ne ga layi ko rauta. Mai shagon da ya bar kwastomomi suna hawa Wi-Fi ɗinsa ba tare da rajista ba, sunansa ne zai fara fitowa.

Idan hukuma ko ɗan siyasa ya ce an gano wani ta adireshi, tambayoyi huɗu sun isa su auna maganar. Adireshin fili ne ko na cikin gida? Wane lokaci daidai aka gan shi, kuma mutum nawa ke kansa a lokacin? Wa ke riƙe da kundin da ya haɗa shi da layi, kuma da wane izini aka karɓe shi? Wace hujja ta nuna wanda ke riƙe da na'urar a wannan sa'a?

Ga makarantu, asibitoci da shagunan Daura kuwa, mafi arhar kariya ita ce littafin rajista: kowace na'ura, ƙofarta, adireshinta, wanda ya saita shi da ranar da ya yi. Kamata ya yi duk kwangilar haɗa kwamfutoci da aka biya da kuɗin jama'a ta ƙunshi miƙa wannan littafi da kalmomin sirri ga ma'aikacin cibiyar da aka horar. Inda babu shi, ranar da ɗan kwangila ya tafi shi ne ranar da cibiyar ta daina sanin ƙofofi nawa ke buɗe a kwamfutocinta, da wanda ke shiga ta cikinsu.